Hawan Dutsen Dala: Yawon Buɗe Ido Ko Neman Tubarraki?

Mutanenmu na 'Yankara da Faskari da Ƙanƙara, waɗanda fatauci yakan kai su Kano, sukan ga Dutsen Dala su raina shi, domin kuwa sun tashi a tsakanin duwatsun da suka fi shi kwarjini. To, amma darajar Dala ba a tsawonsa take ba, ko da yake ƙololuwarsa ta kai mita 534 daga doron teku.

Akwai matakala ta siminti wadda ke ɗaukar mutum daga gindin dutsen har samansa. In ya iso ya huta, sai ya ga birni shimfiɗe a ƙarƙashinsa: ga Goron Dutse ta yamma, ga Kasuwar Kurmi, ga Gidan Rumfa da hasumiyoyin Babban Masallacin Juma'a, ga kuma abin da ya rage na badala. Wanda ya yi dace ya hau gab da magariba, zai ji kiran salla yana tasowa daga kowace kusurwa a lokaci guda.

Abin lura shi ne, a nan ne Barbushe ya zauna, watau babban bokan gunkin nan Tsumburbura, wanda ake yi wa yanka da baƙaƙen dabbobi. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Tsamiya (1307-1343) shi ya fasa ɗakin tsafin. A zamanin Sarki Yaji (1349-1385) Wangarawa suka iso daga Mali da Musulunci, aka tsai da salla, aka gina masallaci. Bayan su kuma Shehu Magili ya sauka Kano a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499), ya rubuta masa nasiha kan yadda ake mulki bisa shari'a. Ke nan duk kiran sallar da mahayi ke ji daga sama, aikin ƙarnuka ne.

To, mene ne hukuncin hawan? Malamai ba su hana ba, in dai don motsa jiki ne ko yin tunani a kan halittar Allah da ƙarshen mutanen farko. Buhari ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi, Allah Ya yarda da shi, cewa Sahabbai sukan yi kabbara in suna hawa tudu, su yi tasbihi in suna gangarowa. Wannan sunna ce mai sauƙi, amma kaɗan ne ke tunawa da ita, sai dai haki da ɗaukar hoto.

Inda gizo ke saƙar shi ne wanda zai hau da niyyar cewa addu'a ta fi karɓuwa a can, ko ya ɗebi ƙasar wurin don magani, ko ya kai wa iskoki sadaka. Wannan komawa ce ga abin da Yaji da Wangarawa suka yi fama da shi. Ko Dutsen Nur na Makka, inda Kogon Hira yake, hawansa ba ya cikin ayyukan Hajji, balle Dala.

Akwai kuma batun tsabta. Gidaje sun matse gindin dutsen, zaizayar ƙasa tana cin gefensa, wasu kuma sun mai da lungunansa juji da makewayi, alhali kuwa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hani mai tsanani ga yin bayan gida a kan hanyar mutane da inuwar da suke hutawa. Ya kamata limaman unguwannin da ke kewaye da Dala su riƙa ambaton wannan a wa'azinsu, tun da yaransu ne suka fi kowa hawa.