KAFA ƘUNGIYAR WASA A MAKARANTAR SAKANDARE BA TARE DA GATA BA: MISALIN GARIN McFARLAND

Gabatarwa

Sau da yawa akan ji malamai da ɗalibai suna kukan cewa rashin kuɗi da kayan aiki shi ne ya hana makarantarsu kafa ƙungiyar wasa. Ko shakka babu wannan kuka yana da tushe, domin da ruwan ciki akan ja na rijiya. To, amma tarihin wata makarantar sakandare da ke McFarland, a Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, ya nuna cewa akwai abubuwan da ke gaba da kuɗi a wannan sha'ani. Manufar wannan maƙala ita ce ta fayyace waɗannan abubuwa.

Garin da Mutanensa

McFarland ƙaramin gari ne na manoma, arewa da birnin Bakersfield. Akasarin mazaunansa 'yan asalin ƙasar Meziko ne, waɗanda ke ƙwadago a manyan gonakin inabi da lemo da makamantansu. Yaran irin waɗannan gidaje sukan taya iyayensu aikin gona, saboda haka a wurin uba sa'a guda da ɗansa ya ɓatar a fagen wasa giɓi ce a abincin gida.

A wannan gari ne wani malami mai suna Jim White ya fara koyarwa a shekarar 1964. A 1980 ya ɗauki nauyin tayar da ƙungiyar tseren ratsa daji ta makarantar sakandaren garin, alhali kuwa shi kansa ba ɗan tsere ba ne.

Zaɓen Wasan da Ya Dace

Abu na farko shi ne a zaɓi wasan da ya yi daidai da abin da ke hannu. Ƙwallon ƙafa irin ta Amurka tana bukatar hulunan kwano da rigunan kariya da 'yan wasa masu yawa. Shi kuwa tseren ratsa daji, wato gudu mai dogon zango a kan turɓaya da tuddai, takalmi kawai yake bukata da hanya, hanyoyi kuwa ga su nan birjik tsakanin gonaki. Haka kuma yaran sun riga sun saba da zafin rana da jure wa gajiya. Wato ke nan wahalar da ake gani ita ce cikas ɗinsu, ita ce ta zame musu jari.

Yadda Ake Lissafin Maki

Tsarin wasan kansa yana taimakon ƙaramar makaranta. Kowace ƙungiya takan shigar da mutum 7, su yi gudun kimanin kilomita 5. Wanda ya zo na ɗaya ya sami maki 1, na goma ya sami maki 10. Sa'an nan sai a tara makin mutum 5 na farko na kowace ƙungiya, wadda jimlarta ta fi ƙanƙanta ita ce ta ci. Alal misali, ƙungiyar da 'yan tserenta suka zo na 1 da na 2 da na 3 da na 30 da na 40 tana da maki 76, wadda kuwa nata suka zo na 8 da na 9 da na 10 da na 11 da na 12 tana da maki 50, ita ce kuma za ta ɗauki kofi. Ashe dai gwani ɗaya ba ya fid da ƙungiya kunya; ƙafar mutum na biyar ita ce abin lura. Wannan shi ya sa tilas mai ƙarfi ya ja mai rauni a wajen horo, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Malami da Iyaye

Abu na biyu shi ne malamin da zai tsaya tsayin daka. White yakan hau keke ya bi yaran a lokacin da suke gudu, yana lura da su. Abu na uku kuwa, wanda ya fi kowanne wuya, shi ne yardar iyaye. Ba a samun wannan da lacca. Uban da ya ga malami ya san halin da gidansa ke ciki, yana kuma daidaita lokacin horo da na gona, shi ne zai saki ɗansa da zuciya ɗaya.

Sakamako

A shekarar 1987 aka yi gasar farko ta tseren ratsa daji ta dukan Jihar Kalifoniya a birnin Fresno, McFarland kuwa ta zo ta ɗaya a rukuninta. Daga wannan shekara zuwa 2001 sau 9 tana cin kofin jiha. Wasu daga cikin yaran sun wuce zuwa manyan makarantu, suka dawo suka yi aikin ilmi a garinsu. A 2015 kamfanin Disney ya fitar da fim a kan labarin, inda Kevin Costner ya fito a matsayin White.

Sai dai ya kamata mai karatu ya yi hattara da fim ɗin, domin ya nuna kamar malamin baƙo ne da ya zo ya kafa ƙungiya ya ci kofi a shekara guda. Gaskiyar magana ita ce ya shekara 16 a garin kafin ya karɓi ƙungiyar, ya kuma ƙara 7 kafin kofin farko.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa ƙungiyar da ba ta da gata tana tsayuwa ne a kan wasan da ya dace da halinta, da malami mai naci, da iyayen da suka amince. Haɗarin da ke akwai shi ne a sa ran ganin kofi a shekarar farko, in bai zo ba a watse, yaran da suka ba da gaskiya su koma gida da karyayyar zuciya. Duk wanda zai fara irin wannan aiki sai ya ƙidaya shekaru, ba makonni ba, domin kowa ya ci zomo ya ci gudu.