Takardar Neman Aiki a Hannun Ɓarayi

A Simsim, yankin noman dawa da riɗi na jihar Gadarif a gabashin Sudan, mai neman ƙwadagon yankan riɗi ba ruwansa da intanet; baki da baki ake ɗaukarsa. Amma matasan da suka yi boko, har da waɗanda yaƙin Afrilun 2023 ya koro daga Khartoum, a waya suke farautar aiki, musamman na ƙungiyoyin agaji. Kowa ya loda tarihin karatunsa da aikinsa a shafukan neman aiki: suna, lambar waya, imel, wani ma har da hoton katin shaidarsa.

Rumbunan da ake tara waɗannan takardu kuwa sun sha fashi. A 2007 an kwashe bayanan masu neman aiki kusan miliyan 1.3 daga shafin Monster na Amurka. A 2012 aka yi wa LinkedIn kutse, aka ɗauka kalmomin sirri miliyan 6.5 ne kawai suka fita, sai a 2016 aka ga wani yana tallar asusu miliyan 117 daga wannan satar. Shekara huɗu ke nan mutane na barci da ƙofa a buɗe. A 2024 ma hukumar samar da aiki ta Faransa, France Travail, ta ce kutsen da aka yi mata zai iya shafar mutum miliyan 43.

Ɓarnar ba ranar satar take bayyana ba. Wata rana waya za ta yi ƙara, mai kiran ya ambaci sunan mutum da makarantar da ya gama, ya yi masa albishir da aiki, sannan ya nemi kuɗin rajista ta Bankak, manhajar Bankin Khartoum, ko ya ce a karanto masa lambobin da suka shigo ta saƙo. Wanda ya daɗe yana zaman jira da wuya ya tsaya tambaya.

Kalmar sirri ɗaya ga imel da banki da shafin aiki ganganci ce. A fara canza ta imel, domin ta nan ake sabunta sauran, a kuma kunna tantancewa mai mataki biyu. Shafin Have I Been Pwned, wanda Troy Hunt ya buɗe a 2013, yana nuna wa mutum kyauta ko imel ɗinsa na cikin waɗanda aka sace. Katin shaida kuma a riƙe shi sai an tabbatar da ofishin da mai ɗaukar aikin.