Jarrabawar Kwamfuta Ta Buɗe Sabuwar Kasuwa A Makarantun Nguru Da Gashuwa

Tun a shekarar 1988 Gwamnatin Tarayya ta fito da manufar koyar da ilimin kwamfuta a makarantun sakandare, wato shekara uku kafin a ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991. Sai dai a garuruwa irin su Nguru da Gashuwa, manufar ta daɗe a kan takarda. Ɗalibi kan haddace sunayen sassan na'urar daga zanen allo, ya gama makaranta bai taɓa ɗora yatsa a kanta ba.

Abin da ya sauya lissafi shi ne jarrabawa. A 2015 Hukumar JAMB ta daina amfani da takarda da fensir, ta mai da jarrabawar shiga jami'a ta kwamfuta zalla. Ga shi kuma an kafa Jami'ar Tarayya a Gashuwa a 2013, ban da Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman da ke garin. Ke nan gurbin karatu ya matso kusa da gida, amma ƙofar shigarsa ta koma ta na'ura. Hukumar WAEC ma ta soma jarraba wannan tsari ga masu zaman jarrabawa na kashin kansu a 2024.

Sayen kwamfuta shi ne mafi sauƙi cikin aikin, kuma shi ne aka fi yi wa biki. Wahalar tana zuwa ne bayan an yanke kyalle. Wutar lantarki a arewacin Yobe ba abin dogaro ba ce, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kunna janareta domin darasin minti arba'in ya fi ƙarfin yawancin makarantu. Zafin bazara yakan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuwa tana toshe fankar na'ura. Idan babu mai gyara a kusa, ƙaramar matsala kan sa a rufe ɗaki dungum.

A nan ne 'yan kasuwa ke da abin dubawa: kafa faranti da batiran wutar rana, kwangilar gyara ta shekara-shekara, sayar da kayan gyara, da buɗe cibiyar horo da jarrabawa. Wannan ta ƙarshen tana bukatar jari mai kauri, domin JAMB kan nemi kwamfuta 250 a cibiya kafin ta amince da ita, jarrabawar kuma sau ɗaya ce a shekara. Mai zuba kuɗi sai ya tanadi abin da na'urorin za su yi a sauran watanni, kamar yarjejeniya da makarantu su riƙa kawo ɗalibai aji-aji.

Batun malamai ya fi duka nauyi. Muddin malamin lissafi ko na kimiyya bai iya koyarwa da na'urar ba, za ta tsaya a matsayin darasi guda cikin jadawali. Gwamna Mai Mala Buni ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimin firamare da sakandare a 2019, kuma horar da malaman da ke bakin aiki fanni ne da kamfanoni masu zaman kansu za su iya neman shiga.