Bindigar Feshin Fenti: A Tambayi Iska Kafin A Biya Kuɗi

Yau magana a kan bindigar feshin fenti ce, wadda masu gyaran mota da masu ƙera ƙofar ƙarfe da kafintoci ke aikowa a sayo musu. Dillali da yawa kan duba ƙyallinta da arahar kuɗinta kawai. Bayan kwana biyu sai a maido kaya, a zo ana rantse-rantse a bakin rumfa.

Asalinta daga wani likita ne a Amurka, Allen DeVilbiss, wanda ya ƙera abin fesa magani a maƙogwaro a 1888. Ɗansa Thomas ya mai da dabarar ta fenti a 1907. Watau iska ce ke ɗaukar fenti ta watsa shi, kuma iskar daga kwamfireso take fitowa. Saboda haka tambaya ta farko ga mai aike ita ce: yaya ƙarfin kwamfiresonka? A jikin kwalin bindiga ana rubuta yawan iskar da take ci a minti guda. In ta fi ƙarfin injin, fenti zai riƙa fita tsit-tsit, aiki ya yi kurzunu kamar ɓawon lemo.

Iri biyu aka fi gani. Akwai mai kofi a ƙasa, mai cin lita 1, wadda ke zuƙo fenti sama. Ita ce ta manyan ayyuka irin bodin babbar mota. Akwai kuma mai kofi a sama, wanda bai kai lita ba, fenti na gangarowa da kansa, ba ya saura a gindi. A cikin masu kofi a sama akwai wadda ake rubuta wa HVLP. Wannan kan sa wajen kashi 65 cikin 100 na fenti ya zauna a jikin aiki, alhali tsohon samfuri yakan zubar da rabi ko fiye a iska. Mu masu awon hatsi mun san mudu mai huji. Amma fa tana cin iska da yawa, ƙaramin inji ba ya riƙe ta.

Sai baki. Mai milimita 1.3 ko 1.4 na fentin sama ne na mota. Fentin shimfiɗa mai kauri yana son 1.8 zuwa 2.0. Kada a biya sai an tabbata ana samun baki da allurarta a kasuwa, don su ke fara lalacewa.

Wajen aiki, a tace fenti, a sirka shi da tina yadda aka rubuta a gwangwani. A riƙe bindiga taƙi guda daga aiki, hannu na tafiya a miƙe, kowane layi ya hau rabin na baya. A riƙa buɗe gindin tankin kwamfireso kullum ruwa ya tsiyaye, balle da damina, domin ɗigon ruwa ɗaya na ɓata fenti. Da hunturu a yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙura. Da an gama a wanke ta da tina nan take, kuma kada a soka waya a cikin bakin.

Tina na kama wuta, ban da taba ko murhu a kusa. Fentin mota da ake haɗa wa maganin busarwa yana jawo asma, ƙyallen rawani ba ya tare shi, sai takunkumi na ainihi. Kada kuma a yi feshi kusa da buhunan hatsi, warin yana kama su.

Dillanci amana ne. Wanda ya tambayi inji da irin aikin kafin ya taya, ya tsare kuɗin mai aike da mutuncin kansa. Sayen nagari, mai da kuɗi gida.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin. Wassalam.