Kare Mai Ilmi: Tarbiyyar Kare da Haƙƙin Maƙwabci a Nguru da Gashuwa

Tun kafin hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Kano ta zo ta tuƙe a Nguru cikin shekarar 1930, tun kuma kafin Gashuwa ta bunƙasa a bakin Kogin Yobe har ta kai ga samun jami'ar tarayya a 2013, kare yana zaune a wannan ƙasa tare da Badawa da Mangawa da Fulani da Hausawa, kuma kowane kare da aikinsa sananne: wani yana kwana a bakin ruga domin kura da dila, wani yana bin maharbi daji idan kaka ta wuce ciyawa ta bushe, wani kuwa yana gadin bukkar manomi a fadama har a kwashe shinkafa. Abin da ya sāke a zamaninmu shi ne kare ya shigo cikin gari ya bar aikinsa a daji. Wanda ya ratsa Hausari ko Bulabulin a Nguru bayan sallar isha'i, ko ya bi ta Katuzu ko Zango a Gashuwa, zai ji haushi iri biyu, ɗaya na karnukan da ke yawo a bola da bakin mahauta, waɗanda kowa ya san gidan da suka fito amma ba mai amsa cewa nasa ne, ɗaya kuma na ƙaton karen Turawa da aka sayo da kuɗi masu yawa saboda tsoron ɓarayi, aka ɗaure shi da sarƙa a bayan ƙofar ƙarfe, ba ya ganin kowa sai yaron da ke miƙa masa ƙanzo daga nesa. Dukansu biyu an tauye musu haƙƙi, dukansu kuma suna iya zama fitina ga maƙwabta, kuma illarsu guda ce, watau rashin tarbiyya.

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka cewa Musulunci ba shi da wata magana a kan kare face ƙyama, alhali kuwa littattafan fikihu da ake karantawa a zaurukan malamanmu sun yi bayaninsa filla-filla. A aya ta 4 ta Suratul Ma'ida Allah Maɗaukakin Sarki ya halatta abin da dabbar farauta da aka koya wa aiki ta kamo, idan an ambaci sunansa a kai, kuma Adiyyu ɗan Hatim ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da wannan mas'ala ya sami amsa mai warwarewa. Daga nan ne malamai suka rarrabe tsakanin kare mu'allami, watau wanda aka sanar da shi, da wanda ba a sanar ba, har suka kafa alamar ilminsa, suka ce shi ne wanda in an tura shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Shafi'awa da Hanafawa suka ƙara sharaɗin kada ya ci daga abin da ya kama. Mai karatu ya duba wannan da idon basira: naman da jahilin kare ya kashe mushe ne, wanda mai ilmi ya kashe kuwa halal ne, ga shi kuwa haƙori ɗaya ne, bambancin duka yana ga wahalar da mai shi ya sha wajen koyarwa.

Game da tsarki kuwa, mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce ta galibin mutanen ƙasar nan, tana ganin kowane mai rai tsarkakke ne, har da kare da yawunsa, kuma wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallagi a ciki umurni ne na ta'abbudi, ba domin najasa ba, saɓanin Shafi'awa da suka ɗauke shi najasa mai kauri. Amma fa wannan sauƙi bai buɗe ƙofar ajiye kare don ado ko alfahari ba, domin hadisi ya inganta cewa ladan mai ajiye shi yana raguwa kullum, sai dai in na farauta ne ko na kiwo ko na gona, haka nan hadisin da ya ambaci rashin shigar mala'iku ɗakin da kare yake ya isa dalilin da zai sa a yi masa makwanci a waje, nesa da ɗakin kwana da wurin salla. Malamai sun yi ƙiyasin gadin gida a kan gadin gona idan akwai larura. An ruwaito cewa Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, mai littafin Risala, ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi yana jin tsoro, da aka tuna masa cewa Malik ya karhanta haka, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki ma zai ajiye. Risalar nan tasa ta kuma hukunta cewa wanda ya kashe karen da aka yi izinin ajiyewa sai ya biya ƙimarsa. Ashe ke nan shari'a ta san kare a matsayin dukiya mai alfarma, kuma wanda ya ajiye shi ya ɗauki amana.

Maharbanmu ba su karanta ilmin halayyar dabbobi ba, amma abin da suke yi ya dace da abin da masana suka tabbatar daga baya. Maharbi ba ya ɗaukar kwikwiyo ya shiga dukansa don ya koyi farauta. Yakan bar shi ya bi tsohon kare, ya ga yadda ake bin sawu da yadda ake komowa in an yi fito, sa'an nan ranar da ya fara taɓa zomo ko gafiya, nan take a wurin za a yanka a jefa masa kayan ciki, tun jini bai huce ba. Asirin duka yana cikin wannan gaggawa. Kare ba ya iya haɗa sakamako da aikin da ya wuce da daɗewa, hankalinsa yana ɗaure lada ko azaba ne da abin da yake yi a daidai wannan lokaci, saboda haka mai gidan da ya komo daga kasuwa da yamma ya tarar an yayyaga masa takalmi tun da hantsi, ya ɗauki tsumagiya, bai koya wa karen komai game da takalmi ba, abin da ya koya masa kawai shi ne komowar mai gida masifa ce.

Wanda ya yi niyyar ajiye kare a cikin gari, to ya fara da haƙuri tun wajen karɓar kwikwiyo, kada ya raba shi da uwarsa kafin ya cika mako 8, domin a wurinta da 'yan'uwansa yake koyon iyakar cizo cikin wasa. Daga nan zuwa kamar wata 3 da haihuwa shi ne lokacin da zuciyarsa take a buɗe, duk abin da ya saba da shi a cikinsa ba zai tsorata da shi ba har tsufa, abin da bai gani ba kuwa yakan zame masa abin zargi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A irin gidajenmu abubuwan da ya wajaba ya saba da su sanannu ne: akuya da kaji da agwagin da ke tsakar gida, da ɗan garuwa mai shigowa da jarka, da almajirin da ke tsayawa a ƙofa da robarsa, da matan maƙwabta masu shigowa barka ko gaisuwa cikin hijabi, da ƙarar babur. A bar shi ya gan su yana kusa da mai shi, a riƙa ba shi ɗan abin taɓawa idan ya natsu, har ya gane cewa mai sallama da rana daban yake da mai haurowa ta katanga da tsakar dare. Gadi kuwa ba sai an koya masa ba, yana cikin ɗabi'arsa, zai fito da kansa in ya girma.

Kalmomin umurni kaɗan sun wadatar, muddin kowa a gidan yana faɗinsu iri ɗaya. Mafi girmansu shi ne kira, domin shi ne wanda zai ceci yaron maƙwabci wata rana. A kira sunansa sau ɗaya a ce "zo", in ya zo a ba shi ɗan tsokar nama ko ɓallin ƙuli-ƙuli a shafa kansa, kuma har abada kada a kira shi don a doke shi, domin wanda aka kira aka zane ba zai sāke amsa kira da sauri ba. "Zauna" kuwa ana koyar da ita ne ta riƙe abincin a saman hancinsa a ja shi baya sannu, sai ya ɗaga kai, gindinsa ya sauka ƙasa da kansa, a daidai nan a furta kalmar a sakar masa ladan. Haka za a bi da "bari" da "tafi". Darasi ya zama gajere, 'yan mintoci bayan asuba ko bayan la'asar sa'ad da rana ta yi sanyi, a kuma tashi tun bai gaji ba. Amma abin da wasu samari ke yi na kulle kare a duhu, ko zuba masa barkono ko kayan maye a abinci wai don ya yi zafi, wannan zalunci ne tsantsa, kuma karen da aka yi wa haka ba ya rarrabe ɓarawo da ɗan mai gida.

Sai maganar zafi, wadda masu sayen karnukan waje ba su cika yin la'akari da ita ba. A watannin Afrilu da Mayu zafin Nguru da Gashuwa yakan haura digiri 40, kare kuwa ba ya yin gumi a jiki kamar mutum, da lallage harshe da haki yake fitar da zafi, saboda haka karen da asalinsa na duwatsun ƙasashen sanyi ne, mai gashi kamar tunkiya, in an ɗaure shi ƙarƙashin kwano da tsakar rana yana iya mutuwa kafin azahar. A ganina karen gida, siriri mai gajeren gashi, wanda kakanninsa suka jure wannan rana da kaska da ƙishirwa, ya fi dacewa da mu nesa ba kusa ba, kuma a wajen fahimta ba ya kasa kowane. Ko wane iri ne dai, haƙƙinsa ne ya sami inuwa da ruwa mai sanyi a kaskonsa dare da rana, kuma hadisin mutumin da aka gafarta wa domin ya shayar da kare mai ƙishirwa da huffinsa ya ishe mu wa'azi. A ƙasar kifi muke, to a kula da ƙayar banda da ƙashin kaza dafaffe, suna tsagewa su soke maƙogwaro ko hanji, haka kuma miya mai yawan albasa tana ɓata masa jini.

Mafi nauyin haƙƙin da maƙwabta ke da shi a kan mai kare shi ne allurar rigakafin ciwon hauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe kimanin mutum 59,000 kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta hanyar cizon kare, kuma kamar kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cuta ce da in alamunta suka bayyana, mutum ya fara firgita da ganin ruwa, to kusan ba a tashi, alhali kafin bayyanarsu ana iya tare ta sarai, tun daga 1885 da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allura a Faransa ya tsira. A nan gida cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar karnuka. Ana yi wa kwikwiyo idan ya kai wata 3, a riƙa sabuntawa kowace shekara, kuma ya kamata mai shi ya karɓi takardar shaida daga likitan dabbobi ya adana, domin ita ce za ta kashe husuma ranar da tsautsayi ya auku.

In kuwa cizo ya riga ya faru, ko da yaƙushi ne, abu na farko shi ne a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har tsawon minti 15, sa'an nan a garzaya asibiti a ranar, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ko babban asibitin Gashuwa, a nemi allurar bayan cizo. Addu'a da tofi suna da matsayinsu, amma riƙo da sababi shi ma umurni ne, kuma warkewar rauni a fata ba hujja ba ce cewa an tsira, domin cutar takan kwanta wata 2 ko 3, wani lokaci har shekara, kafin ta tashi. Karen da ya yi cizon, in na gida ne, a tsare shi kwana 10 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi. Ya kamata kuma iyaye da malaman allo su hana yara jifan karnuka, su koya musu cewa in kare ya taso kada su sheƙa da gudu, su tsaya cik su kawar da ido, kada kuma su kusanci karya mai shayarwa ko kare mai cin abinci, domin yawancin cizon da ake kai wa asibiti yana da mafari irin wannan.

Idan karnukan bola suka yi yawa a unguwa, abin da aka saba shi ne a zuba musu guba, sai a wayi gari kaji da angulaye sun mutu tare da su, bayan 'yan watanni kuma wasu karnukan su cike gurbin, tun da bolar da ta tara na farko tana nan. Masana sun tabbatar cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa, kuma a kan wannan ne ƙasashen duniya suka ɗora burin kawar da mutuwar mutane ta wannan hanya kafin 2030. Wannan aiki bai fi ƙarfin masarautun Nguru da Bade ba. Masu unguwanni sun san kowane gida mai kare, shugabannin maharba kuma suna da kalmar da mabiyansu ba sa ƙetarewa, to da za a haɗa su da ma'aikatan dabbobi na ƙananan hukumomi a sa rana guda a shekara, misali 28 ga Satumba da duniya ta keɓe domin wannan cuta, limamai su yi shela a masallatan Juma'a tun ana saura mako, kowa ya kawo nasa ƙofar mai unguwa a yi masa allura a rubuta sunan mai shi, da an san adadinsu, an kuma san wanda za a tuhuma in wani ya yi ɓarna.