Ƙirjin sa: Naman talaka da ya koma na masu kuɗi a Amurka

Idan ka ce wa mahauci ya yanko maka ƙirji, da wuya ya ɗauka gashi za ka yi. Nama ne mai tauri da jijiya, irin wanda uwargida ke ɗorawa tun hantsi domin miyar dare. Amma a Jihar Texas ta Amurka, wannan yanki da suke kira brisket shi ne sarkin gashi. Mutane kan yi sammako su ja layi na awanni domin su samu. Gidan abinci na Franklin Barbecue da ke birnin Austin, wanda aka buɗe a 2009, ya yi suna da irin wannan layi, har Barack Obama ya leƙa wurin a 2014 yana Shugaban Ƙasa.

Da can ƙirji na cikin nama mafi araha a ƙasar, saboda taurinsa. Tsokar ce ke ɗauke da kaso mai yawa na nauyin sa duk lokacin da yake tsaye ko yana tafiya, shi ya sa ta cika da jijiya. Ka gasa ta yadda mai tsire ke yi, sai ka gaji da tauna. Su mutanen Texas wuta daban suke hurawa a gefe, naman yana wani ɓangare na tanda, zafi da hayaƙi kawai ke ratsa shi. Zafin ba ya wuce digiri 110 zuwa 120 a ma'aunin Salshiyos, kuma sai a yi awa 12 ko fiye ana fama. Kayan haɗin gishiri ne da masoro. A hankali jijiyar ke narkewa, naman ya yi laushin da ko da yatsa za ka raba shi. Kada ka ɗauka banda ce. Banda busar da nama take yi, wannan kuwa so ake ya fito da romonsa.

To daga ina tsadar ta fito? Ƙirji biyu kacal ake samu a jikin kowane sa, ga masu nema sun yi yawa, ga shanun sun ragu. A watan Janairun 2024 Ma'aikatar Noma ta Amurka ta ce shanun ƙasar miliyan 87.2 ne, adadi mafi ƙanƙanta tun 1951, bayan shekarun fari da tsadar abincin dabbobi.

Sai kuma asarar da ba a gani a kan sikeli. Ka sayi ƙirji mai kilo 6, ka rage kitsen baya, ka gasa, abin da zai iso faranti bai fi kilo 3 da 'yan kai ba. Ke nan kowace loma ta ci kusan ninkin kuɗin da ka biya, tun ba a lissafa itace da baccin da ka rasa ba.

A Amurka hukuma ce ke ba nama daraja, bisa shekarun dabbar da yawan kitsen da ya ratsa cikin tsoka kamar zare. Mafi daraja shi ne Prime, sai Choice, sai Select. Wajen kashi ɗaya cikin goma ne ke samun Prime, shi ya sa ya fi tsada. Sama da shi akwai naman wagyu, jinsin shanun Japan, wanda kitsensa ya kusa rinjayar tsokar. Amfanin wannan kitse na ciki shi ne hana naman bushewa a doguwar wuta. A ganina, matsakaicin nama a hannun wanda ya iya wuta ya fi mai tsada a hannun ɗan koyo, domin wagyu ma ƙonewa yake yi.

A nan ne zancen lafiya ya shigo, domin abin da ake biyan kuɗi a kansa shi ne abin da likita ke cewa a rage. Kitsen sa na ƙara mugun maiƙo a jini, ga gishirin da ake barbaɗawa ba kaɗan ba, wanda mai hawan jini zai ji a jikinsa. A 2015 hukumar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya naman da aka sarrafa, har da na hayaƙi, cikin abubuwan da ke haddasa kansar hanji, ta ce jan nama ma ana kyautata zaton yana yi. Asusun binciken kansa na duniya ya ba da shawarar kada jan naman da mutum zai ci a mako ya wuce giram 350 zuwa 500 bayan an dafa. Yanka biyu ko uku masu kauri sun ci kaso mai yawa na wannan.

Idan kana son gwadawa a gida, ka sani shanunmu daban ne. Bunaji da Bokolo ciyawa suke ci, suna tafiya mai nisa, kuma galibi sai sun manyanta ake yanka su, don haka kitsen cikin tsokarsu kaɗan ne. Mahautanmu kuma ba su da hatimin daraja, idonka ne alƙali. Ka nemi ƙirjin san da aka turke, ka yi magana da mahaucinka tun kwana guda kafin yanka, domin ya cire maka shi ɗungurungum kafin a daddatsa. Ka ɗaga shi a hannu: mai kyau yana lanƙwasawa, ba ya sandarewa. Ka bar masa kitsen baya kamar rabin santimita, kuma idan ya yi rabin nuna ka naɗe shi da takardar gashi domin kada ya bushe.

Itacen ya zama busasshe, ban da katako mai fenti, ban da roba ko kalanzir wajen hura wuta. Ɓangaren da ya ƙone ƙurmus a kankare shi kafin a ba yara, abin da ya rage kuma a sa a firji cikin awa biyu.