Daga Tsaunin Obudu Zuwa Gaɓar Ibeno: Lissafin Hutun Mako Guda A Mota

Ɗan kasuwar da ya bar wa yaransa shago, ko ya rufe ofis na tsawon mako guda domin ya kai iyalinsa yawon shaƙatawa a mota, abu biyu yake kashewa, wato kuɗi da kwanaki. Idan kuɗi suka gaza a hanya ana iya aiko masa da ƙari daga gida, amma kwanakin bakwai ne, kuma hanya ce take fara ɗibar rabonta kafin a zo ga hutu. Mafi yawan masu dawowa gida da gajiyar da ta fi wadda suka tafi da ita sun yi lissafin naira ne suka manta da lissafin kwana.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka fi ban sha'awa a ƙasar nan ga mai son ya haɗa hutun ƙauye da na bakin teku ita ce wadda ta tashi daga Abuja ta ratsa Jihar Binuwai, ta hau tsaunin Obudu a arewacin Jihar Kuros Riba, ta gangara Kalaba, ta ƙare a gaɓar Ibeno ta Jihar Akwa Ibom. Zuwa kaɗai ya haura kilomita 1,000. Idan aka haɗa da komowa ta Umuahia da Inugu, tafiyar ta doshi kilomita 1,900. Wanda zai taso daga Kano ko Sakkwato sai ya ƙara yini guda a zuwa, yini guda a dawowa.

Motar gida da ke shan lita 10 a kowane kilomita 100 za ta buƙaci kimanin lita 200 idan aka ƙara da zirga-zirgar cikin gari. A farkon 2023, lokacin da ake sayar da lita kusan N195, wannan man bai wuce N39,000 ba. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, farashi ya yi ta hawa har ya kai N1,030 a gidajen man NNPC na Abuja a Oktoba 2024, wato wannan lita 200 ta koma sama da N200,000. Farashin ya sauya sau da dama tun daga lokacin, saboda haka mai shiri ya ninka lita 200 da farashin ranar da zai tashi, ya ɗora wani abu a kai, domin mai ya fi tsada a garuruwan da ke nesa da defo. Abin lura shi ne, a da kuɗin mai ƙaramin kaso ne na irin wannan tafiya, yanzu kuwa yana gogayya da kuɗin masauki, ta yadda kowace ratse ta kilomita 100 da aka ƙara don ganin wani wuri tana da farashinta.

Zangon farko shi ne mafi sauƙi. Hanyar Keffi, Akwanga, Lafiya zuwa Makurɗi an mayar da ita tagwaye, kuma a Fabrairu 2025 gwamnatin tarayya ta fara karɓar kuɗin hanya a kanta, N500 ga ƙaramar mota a kowane shinge a lokacin da aka fara. Wanda ya bar Abuja da hantsi zai yi la'asar a Makurɗi. Wasu direbobi kan so su zarce har Obudu a yini guda don su ceto kwana ɗaya, amma wannan ganganci ne. Daga Makurɗi zuwa kan tsaunin akwai sauran kimanin kilomita 250 ta Gboko da Vandeikya, a kan hanya mai hannu ɗaya, kuma wasu sassan Binuwai sun sha fama da rikicin manoma da makiyaya da kuma ta'adin masu garkuwa da mutane. Ka'idar da ba ta da sassauci a wannan tafiya ita ce rana ta faɗi mota tana harabar masauki. Kwana a Makurɗi ba asara ba ce: ga Kogin Binuwai da tsohuwar gadarsa ta 1932, ga kuma unguwar Wadata inda baƙo Bahaushe zai sami masallaci da abincin da ya saba da shi, ya kuma ji labarin hanyar gobe daga bakin direbobin da suka biyo ta yau. Labarin tasha ya fi na kowace taswira sabunta.

Tsaunin Obudu shi ne zuciyar tafiyar, kuma nan ne ya cancanci kwana biyu cur. Garin Obudu daban, wurin shaƙatawar daban. Tsakaninsu akwai kimanin kilomita 60, a Ƙaramar Hukumar Obanliku, dab da iyakar Kamaru. A cika tanki a garin, a kuma cire kuɗin hannu a can, domin layin waya yakan yi rauni a sama, na'urar POS kuwa ba ta aiki sai da shi. Kilomita 11 na ƙarshe hawa ne zalla, mai lanƙwasa fiye da 20, wasunsu kamar an naɗe igiya. A nan ne ake gane ko bakanike ya duba lagireto da birki da gaske. A wajen saukowa kuma ƙaramar giya ake sa wa mota ta riƙe kanta, don wanda ya dogara ga birki kaɗai zai ji ƙaurinsa kafin ya kai ƙasa.

A 1951 ne wasu Turawa, cikinsu har da wani makiyayi ɗan Sikotlan, suka kafa gandun shanu a wurin, saboda tudu ne mai tsayin kusan mita 1,600 daga doron teku, ga ciyawa, ga sanyi, kuma babu tsando. Abin da ya ja shanu shi ne daga baya ya ja mutane. Da asuba hazo yakan rufe kwaruruka har mutum ya ga gajimare a ƙarƙashinsa, da dare kuwa sai da bargo, ko a watan da Abuja take tafasa. Gwamna Donald Duke, wanda ya mulki jihar daga 1999 zuwa 2007, ya zuba kuɗi masu yawa a wurin, ya gina masaukai, kuma a 2005 aka kafa keken igiya mai tsawon kusan kilomita 4 da ke ɗaukar mutane daga gindin tsauni zuwa ƙololuwa. A shekarar ce kuma aka fara gasar tseren hawan tsaunin, wadda ta jawo 'yan gudu daga ƙasashen waje.

Sai dai ɗan kasuwa ya san bambancin gina kadara da riƙe ta. Keken igiyar ya sha tsayawa na dogon lokaci, masaukan kuma sun ga shekarun gyara da shekarun sakaci, gwargwadon gwamnatin da ke ci. Irin wannan ce ta sami Tinapa, katafariyar cibiyar kasuwanci da shaƙatawa da aka buɗe a Kalaba a 2007 da nufin ta zama kasuwar da ba a biyan kuɗin kwastan, amma manyan shagunanta ba su taɓa cika yadda aka yi fata ba. Darasin da mai tafiya zai ɗauka a aikace shi ne kada ya biya kuɗin ɗaki gaba ɗaya bisa hoton talla. Ya buga waya ya tambayi abu uku: awa nawa ake ba da wuta, akwai ruwan zafi, kuma ɗakin girki yana aiki ko sai an zo da guzuri. Abin da bai dogara ga kasafin kuɗin kowace gwamnati ba, wato iska da tsaunuka da kurmin Becheve mai cike da tsuntsaye, yana nan, kuma shi ne ainihin abin da ake zuwa nema. Yini na uku bai kamata a tayar da injin mota ba sam.

Rana ta huɗu ita ce mafi tsawo, kusan kilomita 380 daga tsauni zuwa Kalaba ta Ikom da Ugep, don haka sai an yi sammako. Ikom gari ne da zai ja hankalin mai neman harka. Cibiyar cinikin koko ce, amfanin gonar da farashinsa ya haura Dala 10,000 kan kowane tan a kasuwar duniya a 2024, kuma daga nan ake zuwa Mfum, inda aka buɗe sabuwar gada da ofishin iyaka na haɗin gwiwa da Kamaru a Nuwamba 2022. Kusa da garin akwai magangarar ruwa ta Agbokim da sassaƙaƙƙun duwatsun Alok masu siffar fuskokin mutane. Mai mako guda ya zaɓi ɗaya daga cikinsu, ya ba shi awa guda, ya wuce. Manja da garin rogo da ayaba da ake sayarwa a bakin hanya suna da araha, amma mota mai ɗauke da iyali da kaya ba ta buƙatar ƙarin jarka huɗu a kan hanya mai ramuka.

Akwai kuskuren da baƙi daga Arewa suka saba yi game da Kalaba: suna zaton a bakin teku take. A gaɓar Kogin Kalaba take, tazara mai ɗan dama daga inda ruwan ya faɗa Tekun Atlantika. Abin da take da shi tarihi ne da natsuwa. Ita ce hedikwatar mulkin Turawa a Kudancin Nijeriya kafin a koma Legas a 1906. Tsohon gidan Razdan, wanda aka ƙera sassansa a Birtaniya aka harhaɗa a 1884, shi ne gidan tarihi a yau, kuma a cikinsa mutum zai ga yadda cinikin bayi ya rikiɗe ya koma cinikin manja, da irin kuɗin tagulla da aka yi mu'amala da su kafin zuwan sulalla. A garin ne Turawa suka tsare Sarkin Benin Ovonramwen daga 1897 har rasuwarsa a 1914, kamar yadda suka tsare wasu sarakunan Arewa a Lokoja. Unguwar Bogobiri kuwa tsohon zangon Hausawa ce, mai masallatai da 'yan canji da masu tsire, kuma nan ne baƙo zai warware matsalar nama. A sauran wurare, ɗanyen kifi da miyar afang sun wadatar, amma a riƙa tambayar abin da aka sa a tukunya.

Teku na gaskiya yana Ibeno, kimanin kilomita 160 daga Kalaba ta Itu, Uyo da Eket. A takarda tafiyar awa uku ce. Sashen Odukpani zuwa Itu kuwa ya yi ƙaurin suna shekara da shekaru saboda lalacewa da cunkoson manyan motocin dutse da siminti, har yakan cinye rabin yini, musamman da damina. Babbar hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba da aka fara ginawa a 2024 aiki ne na shekaru, kada a sa ta cikin lissafi. Ibeno kanta rairayi ne fari shimfiɗe iya ganin ido, da jiragen masunta, da tashar lodin ɗanyen mai ta Qua Iboe a gefe guda. Masaukai masu kyau suna Eket, garin da ya bunƙasa da ma'aikatan kamfanin Mobil. Igiyar ruwan Atlantika tana da ja mai ƙarfi, kuma yaron da ya koyi iyo a kududdufi ko a dam bai san irinta ba. A tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba.

A nan ne lissafin kwana yake nuna kansa. Kwana ɗaya a Makurɗi, biyu a Obudu, biyu a Kalaba, ɗaya a Eket, shida ke nan, rana ta bakwai ta zo alhali mota tana da fiye da kilomita 800 tsakaninta da Abuja. Wannan ba tafiyar yini guda ba ce ga mai bin ka'idar faɗuwar rana. Mafita uku ce. Ko a mayar da hutun kwana takwas ko tara, ko a yafe Ibeno a juyo daga Kalaba, ko kuma iyali su hau jirgin sama daga Uyo, inda kamfanin Ibom Air ya fara jigila a 2019, su sauka Abuja cikin kusan awa guda, direba ya biyo da mota a kwana biyu. Ta ukun ta fi tsada a ido, amma ga wanda kowane yini na rashinsa a kasuwa yake da farashi, sau da yawa ita ce mai araha, kuma ita kaɗai ce take barin mutum ya koma aiki da sauran hutu a jikinsa. Mai son teku fiye da tarihi zai iya rage kwana ɗaya daga Kalaba ya ƙara wa Eket. Idan motar za ta komo ta Umuahia da Inugu, a binciki halin da ake ciki game da zaman gida na ranar Litinin da aka fara tilastawa a kudu maso gabas a Agusta 2021, ko kuma a tsara ta ratsa yankin a wata rana.

Lokacin tafiya ma yana da tasiri a kan aljihu. Ruwan da ke sauka a Kalaba a shekara ya kai kusan milimita 3,000, wato ninki uku na Kano ko fiye, saboda haka daga Yuni zuwa Satumba ba lokacin wannan hanya ba ne. Disamba kuma watan bikin Kanibal ne, wanda aka fara a 2004, kuma a makonnin ƙarshensa kuɗin ɗaki yakan yi tashin gwauron zabo, idan ma an samu. A Janairu ƙurar hunturu takan dusashe hangen nesa a kan tsauni. Ƙarshen Nuwamba ya fi dacewa: ruwa ya ja baya, ƙasa tana kore, magangarar Agbokim tana da ƙarfinta, otal-otal kuma ba su ɗaga farashi ba tukuna. Matsalarsa ɗaya, 'yan makaranta ba su sami hutu ba.

Shingayen bincike suna da yawa daga Binuwai zuwa kudu, kuma kowace takarda da ta gaza tana cin minti talatin na hasken rana. Lasin tuƙi, takardun mota da inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ta koma N15,000 tun Janairu 2023, su kasance a hannu tare da kwafinsu, haka nan tukunyar kashe gobara da alamar tsayawa da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra suke tambaya. Mota mai ɗauke da sunan kamfani a jikinta takan ja hankalin masu karɓar harajin ƙananan hukumomi, don haka motar gida ta fi. A tafi da safayar taya mai lafiya, da fambel, da galan na ruwa, a kuma ware kashi ɗaya cikin biyar na kasafin tafiyar a ajiye shi daban domin bakanike ko kwanan da ba a shirya masa ba.